Salsala A Littafin Kiristoci Mai Tsarki: Ingancinta, Giɓinta Da Yadda Ake Karanta Ta

Salsala ita ce jerin sunayen da ke haɗa mutum da kakanninsa, uba bayan uba, har a kai ga wanda ake ɗauka tushen gida. Larabawa na kiranta nasaba, Bahaushe kuma kan ce asali ko tsatso. A ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a wasa da wannan jeri. Da shi ake neman sarauta, da shi ake raba gado, shi ake bincikawa kafin a ba da aure, shi ne kuma maroƙa ke warwarewa a ranar naɗi ko hawan Sallah.

Littafin da Kiristoci ke riƙo da shi, wato Littafi Mai Tsarki ko Baibul, cike yake da irin wannan jeri. Tun shekarar 1932 aka buga cikakkiyar fassararsa da Hausa, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi. Littafin ya iso wannan yanki tun zamanin Turawa, lokacin da mishan ɗin SIM ya buɗe tasha da makarantar yara maza a Roni. Har gobe, idan aka zauna muhawara tsakanin Musulmi da Kirista, ko tsakanin Kiristoci su ya su, zancen salsalolin nan kan taso, kuma tambayoyi biyu ake yi: shin sunayen gaskiya ne? Shin jerin ya cika?

Tambayoyin nan biyu daban suke, kuma haɗa su ne ke jawo mafi yawan ruɗani. Jeri yana iya zama sahihi a duk sunan da ya ambata, amma ya tsallake wasu. Wani kuma yana iya zuwa a cike, babu giɓi a ido, alhali ba shi da shaidar da ta goya masa baya. Wanda ya san yadda ake jera sarakunan Kazaure ko na Kano yana riƙe da rabin mabuɗin wannan batu tun kafin ya buɗe littafin.

Inda salsalolin suke, da irinsu

Manyan salsalolin suna wurare biyar. Littafin Farawa, sura ta 5, ya jera sunaye goma daga Adamu zuwa Nuhu. Sura ta 11 ta jera wasu goma daga Shem ɗan Nuhu zuwa Ibrahim. Surori tara na farkon Littafin Tarihi na ɗaya kusan duk sunaye ne, na kabilun Isra'ila da firistocinsu da sarakunansu. A Sabon Alkawari kuwa, Matiyu a sura ta 1 da Luka a sura ta 3 kowannensu ya kawo salsalar Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS).

Masana sun kasa salsala gida biyu. Akwai miƙaƙƙiya, mai bin suna ɗaya a kowace tsara, daga kaka zuwa jika. Manufarta ita ce ta nuna cewa wane ya cancanci abin da yake riƙe da shi, sarauta ce ko limanci ko gona. Akwai kuma mai rassa, wadda ke jera 'ya'ya da yawa na uba ɗaya domin ta bayyana dangantakar al'ummomi. Sura ta 10 ta Farawa irin wannan ce, inda aka rarraba al'ummomi kimanin saba'in a ƙarƙashin 'ya'yan Nuhu uku, har ma wasu sunayen na ƙasashe ne da birane, kamar Masar da Sidon.

Bahaushe ya san irin wannan a labarin Bayajidda, wanda cibiyarsa Daura, maƙwabciyar Kazaure ta arewa. Labarin ya mai da Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano 'ya'yan Bawo, ya haɗa su da Biram ta Garun Gabas, suka zama Hausa Bakwai. Abin da labarin ke tabbatarwa shi ne zumuncin ƙasashen da matsayin Daura a cikinsu. Wanda ya nemi ranar haihuwar Bawo a ciki ya nemi abin da labarin bai zo da shi ba.

Jerin gadon sarauta da jerin jini

Masarautar Kazaure, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, ta faro ne daga Ibrahim Ɗantunku, Bafulatani daga Yarimawa, wanda ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a a 1819. An yi shekaru ana gwabzawa kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar wa Kazaure 'yancinta. Ɗansa Dambo ya gaje shi a 1824. Daga Ɗantunku zuwa Sarki Najib Husaini Adamu, wanda ya hau a 1998, sarakuna goma ake lissafawa.

Amma wannan jeri na masu hawa gado ne. Idan aka bi jini, lissafin ya sauya. Sarki Ibrahim da Sarki Husaini 'yan'uwa ne, 'ya'yan Sarki Adamu, don haka Ibrahim yana cikin jerin sarauta amma ba ya cikin iyayen sarki na yanzu. Shi kuwa Abdulmumini, mahaifin Sarki Adamu, yana cikin jerin jini amma ba ya cikin jerin sarauta. Mutum biyu za su iya jera maka sunayen gidan, su saɓa a adadi da sunaye, kuma kowannensu ya faɗi gaskiya.

Misalin Kano ya fi fitowa fili. Daga Ibrahim Dabo zuwa Ado Bayero sarakuna goma sha biyu ne: Dabo, Usman na ɗaya, Abdullahi Maje Karofi, Muhammadu Bello, Tukur, Aliyu Babba, Abbas, Usman na biyu, Abdullahi Bayero, Muhammadu Sanusi, Muhammadu Inuwa, sai Ado. Ta jini kuwa sunaye biyar ne rak: Ado ɗan Abdullahi Bayero, ɗan Abbas, ɗan Abdullahi Maje Karofi, ɗan Dabo. Wannan bambanci shi ne za mu tarar a tsakiyar muhawarar salsalar Almasihu.

Kalmar "ɗa" ba ta tsaya kan ɗan cikin mutum ba

A Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, kalmar da ke nufin ɗa tana ɗaukar jika da tattaɓa-kunne da duk wanda ya fito daga tsatson mutum. Littafin da kansa ya nuna haka. A farkon littafin Zakariya an ce shi ɗan Berekiya ne, jikan Iddo, amma littafin Ezra ya kira shi ɗan Iddo kai tsaye. Sarki Yehu ɗan Yehoshafat ne, jikan Nimshi, a wata sura, a wata kuma ɗan Nimshi. Ezra da kansa, da aka jera kakanninsa zuwa Haruna a sura ta 7 ta littafinsa, an tsallake sunaye shida waɗanda suke nan a jerin firistoci na Littafin Tarihi na ɗaya, sura ta 6.

Salsalar Musa ma haka take. Littafin Fitowa ya kawo sunaye huɗu: Lawi, Kohat, Amram, Musa. Littafin kuma ya ce zaman Isra'ilawa a Masar ya kai shekara 430. Littafin Ƙidaya ya ce a zamanin Musa mazan gidan Kohat sun kai 8,600, adadin da ba ya yiwuwa idan Kohat kakan Musa ne na kusa. Ga shi kuma Littafin Tarihi ya jera kimanin tsara goma tsakanin Ifraimu ɗan Yusufu da Joshuwa, wanda ya yi zamani da Musa. Shi ya sa masu sharhi da yawa ke ganin sunaye huɗun nan suna nuna kabila da gida da reshe ne, kamar yadda za a ce wane Bafulatani ne, Basulluɓe, daga gidan Dabo.

Wannan salo ba baƙo ba ne ga mai karatun Hausa. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ɗan Ibrahim ne, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ɗan Muhammadu Bello. Sunan da duniya ta san shi da shi na kakan mahaifinsa ne. Imam Ahmad bin Hambal sunan mahaifinsa Muhammadu, Hambal kakansa ne. Ya tabbata a hadisi cewa a ranar Hunaini Annabi Muhammadu (SAW) ya danganta kansa ga kakansa Abdulmuɗɗalib. Har yau maroƙi kan ce wa basarake jikan Shehu ko jikan Dabo, alhali tsara biyar ko shida ke tsakani, kuma babu wanda zai ce ya yi ƙarya.

Sha huɗu sau uku na Matiyu

Matiyu ya fara daga Ibrahim ya gangaro zuwa Yusufu mijin Maryamu, ya kuma faɗi tsarinsa da bakinsa: tsara goma sha huɗu daga Ibrahim zuwa Dawuda, sha huɗu daga Dawuda zuwa kwashe Yahudawa zuwa Babila, sha huɗu daga nan zuwa Almasihu.

Idan aka gwada kashi na biyu da littattafan Sarakuna da na Tarihi, za a ga an tsallake sarakuna. Tsakanin Yoram da Uzziya babu Ahaziya da Yowash da Amaziya, uku a jere. Tsakanin Yosiya da Yekoniya babu Yehoyakim. Waɗannan sanannun sarakuna ne da duk Bayahude mai karatu ya san labarinsu. Haka kuma idan aka ƙirga sunayen ɗaya bayan ɗaya, 41 ake samu maimakon 42, sai an ƙirga Dawuda ko Yekoniya sau biyu kafin lissafin ya daidaita.

An ba da dalilai kan tsallake sarakunan uku. Wasu sun ce an cire su ne saboda sun fito daga tsatson Ataliya ta gidan Ahab, gidan da aka la'anta. Wasu sun ce sunayen Ahaziya da Uzziya suna kama da juna a rubutun Girkanci, don haka idon mai kwafa ya yi tsalle daga ɗaya zuwa ɗaya. Mafi shaharar bayani shi ne na lissafin haruffa. A Ibrananci ana rubuta sunan Dawuda da baƙaƙe uku, masu daidai da dal da wau da dal. Duk almajirin da ya koyi hisabi a zaure ya san dal huɗu ce, wau shida, don haka jimilla goma sha huɗu. Irin wannan lissafi ne malaman ƙasar Hausa ke amfani da shi wajen ramzi, inda suke ɓoye shekarar da suka yi waƙa a cikin kalma guda. A wannan fahimta, Matiyu ya tsara jerin ne yadda za a haddace shi, kuma ya riƙa nanata sunan Dawuda, domin saƙonsa ga Yahudawa shi ne Yesu magajin gidan Dawuda ne.

Wani abin lura shi ne Matiyu ya ambaci mata huɗu kafin Maryamu: Tamar da Rahab da Rut da matar Uriya. Ba kasafai ake sa mata a salsalar wancan zamani ba. Wannan ma ya nuna cewa marubucin zaɓe yake yi, yana ɗaukar wasu sunaye yana barin wasu bisa manufa.

Inda Matiyu da Luka suka saɓa

Luka ya bi hanya ta daban. Ya fara daga Yesu ya yi sama, ya wuce Ibrahim har zuwa Adamu. Daga Ibrahim zuwa Dawuda jerin biyu kusan ɗaya ne. Daga Dawuda sai suka rabu: Matiyu ya bi ta Sulemanu da sarakunan Yahuza, Luka ya bi ta Natan, wani ɗan Dawuda da bai yi sarauta ba. Sun haɗu a sunaye biyu, Sheyaltiyel da Zarubabel, suka sake rabuwa. Matiyu ya ce sunan mahaifin Yusufu Yakubu, Luka ya ce Heli. Tsakanin Dawuda da Yusufu, Matiyu na da sunaye 25, Luka na da 40. Tsakanin Zarubabel da Yusufu, kimanin shekara 500, Matiyu na da tara, Luka na da 18.

Ya kamata a tuna cewa marubutan biyu sun yi imani, kamar yadda Musulmi ma suka yi, cewa Maryamu ta haifi ɗanta ba tare da namiji ba. Dukansu sun sauya lafazi da suka zo kan Yusufu, yadda ba za a fahimci cewa shi ya haife shi ba. Ke nan tun asali salsalar ta matsayi ce a idon dokar Yahudawa, wato gidan da ake lissafa yaro a cikinsa.

Bayani huɗu ne suka fi shahara kan wannan saɓani.

Na farko shi ne mafi daɗewa. Yuliyus Afrikanus, malamin Kirista na ƙarni na uku, ya kawo shi a wata wasiƙa da masanin tarihi Yusibiyus ya adana. A dokar Musa, idan mutum ya rasu bai bar ɗa ba, ɗan'uwansa kan auri matarsa, ɗan fari kuma a lissafa shi na mamacin. Afrikanus ya ce Heli da Yakubu uwarsu ɗaya uba kowa da nasa, Heli ya rasu babu ɗa, Yakubu ya auri matarsa ya haifi Yusufu. Ya ce daga dangin Yesu labarin ya fito. Masu suka na cewa wannan ya warware suna ɗaya ne, bai warware haɗuwa da rabuwar da aka yi a kan Sheyaltiyel ba.

Na biyu shi ne cewa Luka salsalar Maryamu ya kawo, Heli kuma mahaifinta ne, wato surukin Yusufu. Wannan ra'ayi ya bazu a Turai daga wajen shekarar 1500, kuma shi ne aka fi ji a bakin masu wa'azi a yau. Rauninsa shi ne Luka bai ambaci sunan Maryamu a cikin jerin ba.

Na uku shi ne wanda misalin Kazaure da Kano ke haskawa: Matiyu ya jera magada kujerar Dawuda, Luka ya jera iyaye na jini. Idan reshen da ke riƙe da haƙƙin sarauta ya ƙare babu magaji, haƙƙin ya koma wani reshe, sai jerin biyu su haɗu a mutum guda. Wani malamin cocin Ingila, Arthur Hervey, ya rubuta littafi a kan haka a 1853, J. Gresham Machen na Amurka kuma ya ƙarfafa shi a 1930.

Na huɗu shi ne na masu nazarin tarihi irin su Raymond Brown, limamin Katolika da ya wallafa babban bincike kan labarin haihuwar Almasihu a 1977. Su suna ganin kowane marubuci ya samu jerinsa daga tushe daban, ya tsara shi don isar da saƙon addini, kuma babu hanyar da za a daidaita su ta fuskar tarihi. A wurinsu Matiyu na nuna Almasihun Yahudawa ne, Luka kuma na nuna wanda ya zo domin dukan 'ya'yan Adamu.

Ukun farko mai yiwuwa ne, amma babu wata takarda ta zamanin da ta tabbatar da ɗayansu. Sunayen da suka biyo bayan Zarubabel a jerin biyu ba su zo a wani littafi ba, don haka babu ma'aunin da za a gwada su da shi.

Shekarun Farawa da haɗarin tara lissafi

Salsalolin Farawa sun bambanta da sauran domin suna ba da shekarun kowane uba a lokacin da ya haifi magajinsa. Wannan ya sa mutane suka riƙa tara shekarun don gano ranar da aka halicci duniya. James Ussher, babban bishop na Armagh a ƙasar Ailan, ya wallafa lissafinsa a 1650, inda ya ce an yi halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Daga 1701 aka riƙa buga wannan adadi a gefen shafukan Baibul na Ingilishi, har mutane da yawa suka ɗauka yana cikin nassi.

Matsalar ita ce tsofaffin kofe uku na littafin Farawa ba su yi daidai a kan alƙaluman ba. Daga Adamu zuwa ruwan Ɗufana, kofen Ibrananci na Yahudawa ya ba da shekara 1,656, na Samariyawa 1,307, fassarar Girkanci da aka fara a Iskandariyya a ƙarni na uku kafin Almasihu kuma 2,242. Fassarar Girkancin ta ƙara da wani suna, Kayinan, tsakanin Arfakshad da Shela. Sunan yana cikin yawancin kofen Luka, amma babu shi a kofen Ibrananci. Saboda irin wannan bambanci, kalandar Yahudawa ta sa farkon duniya a 3761 kafin Almasihu, ta Rumawan Gabas kuma a 5509.

A 1890 William Henry Green, malamin makarantar tauhidi ta Princeton kuma mai tsananin riƙo da nassi, ya yi rubutun da ya nuna cewa tunda an san salsalolin littafin kan tsallake sunaye, kuma jerin biyu na Farawa an daidaita su goma-goma, bai kamata a mai da su kalanda ba. Har yau akwai Kiristocin da ke ganin jerin Farawa ba shi da giɓi ko ɗaya, akwai kuma waɗanda suka bi Green.

Tarihin Kano ya gamu da irin wannan. Littafin da ake kira Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya jera sarakuna 48 daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello, tare da tsawon mulkin kowanne. H. R. Palmer, da ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, ya tara shekarun ya koma baya, ya fitar da 999 a matsayin shekarar hawan Bagauda. Wannan adadi lissafin Palmer ne, kamar yadda 4004 lissafin Ussher ne. Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya buga a tsakiyar shekarun 1960, ta saɓa wa littafin a wasu sunaye da jerinsu. Malaman nasaba na Musulunci sun daɗe da gane wannan iyaka: sun haɗu a kan salsalar Manzon Allah (SAW) har zuwa Adnan, sun yarda Adnan daga zuriyar Annabi Isma'ila (AS) yake, amma sun saɓa a kan adadin iyayen da ke tsakani.

Abin da shaidar waje ta tabbatar

Hanya mafi ƙarfi ta auna salsala ita ce a samu wanda ba ɗan gida ba ya ambaci sunan. Zamanin Muhammadu Rumfa na Kano ya tabbata ne domin Shehu Al-Maghili ya zo birnin a ƙarshen ƙarni na 15, ya kuma rubuta masa nasiha kan mulki. Sarakunan Yahuza da ke kashi na biyu na jerin Matiyu suna da irin wannan shaida.

Rubuce-rubucen sarakunan Assuriya sun ambaci Ahaz da Hezekiya da Manassa. Sennakerib ya rubuta yadda ya kewaye Hezekiya a Urushalima a 701 kafin Almasihu. An tono allunan yumɓu a Babila masu lissafin abincin da ake ba Yekoniya Sarkin Yahuza da 'ya'yansa a zaman da suka yi can. A 1993 an samu wani dutse a Tel Dan, arewacin Isra'ila, mai rubutun ƙarni na tara kafin Almasihu, wanda yawancin masana suka karanta sunan gidan Dawuda a jikinsa. A 2015 aka sanar da samun tambarin hatimin Hezekiya a Urushalima, ɗauke da sunansa da na mahaifinsa Ahaz.

Akwai kuma darasi a wani baƙin dutse da aka tono a Nimrud ta ƙasar Iraƙi a 1846, wanda yanzu yake gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A jikinsa Assuriyawa sun kira Yehu ɗan Omri, alhali Yehu shi ne ya hallaka gidan Omri ya ƙwace mulki. A wurinsu "ɗa" na nufin wanda ke kan kujerar wane.

Wannan shaida ta tsaya ne kan zamanin sarakuna. Sunayen da suka gabaci Dawuda ba su da irinta, don haka wanda ya karɓe su ya karɓa ne bisa imaninsa da littafin.

Dalilin da ya sa salsala ke sauyawa

Masu nazarin al'umma sun lura cewa salsalar baka kan riƙe farko da ƙarshe, ta zubar da tsakiya. Ana tuna wanda ya kafa gida, ana tuna kakanni uku ko huɗu na kusa, waɗanda ke tsakani kuwa sai su narke. Laura Bohannan ta nuna a 1952 yadda Tibi na Binuwai ke gyara salsalarsu don ta dace da dangantakar da ke tsakanin gidaje a lokacin. A ƙasar Gwanja ta arewacin Ghana, wadda fataken Hausa suka sani ta hanyar cinikin goro, an rubuta a farkon ƙarni na 20 cewa Jakpa, wanda ya kafa daular, yana da 'ya'ya bakwai, daidai da yankunan ƙasar bakwai. Bayan kimanin shekara sittin, da yankuna biyu suka ɓace, sai aka ji labarin yana cewa 'ya'yansa biyar ne. Jack Goody da Ian Watt ne suka kawo wannan misali a 1963.

Rubutu na rage irin wannan sauyi, kuma Yahudawa sun ba rubuta salsala muhimmanci domin akwai abin da ke rataye da ita. Littafin Ezra ya ba da labarin wasu gidajen firistoci da suka dawo daga Babila suka nemi sunansu a rajista ba su samu ba, aka hana su aikin firist. Yusifus, masanin tarihin Yahudawa na ƙarni na farko, ya ce ya kwafo tasa salsalar daga takardun hukuma. Duk da haka, wasiƙun Sabon Alkawari zuwa ga Timoti da Titus sun gargaɗi masu bi da su guji jayayya a kan salsala, domin ba ta da amfani.

Sauyin iyaka ma na shafar yadda ake ba da asali. Babura ta daɗe a ƙarƙashin Kano, sai a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ta koma ƙarƙashin sabuwar Masarautar Ringim. Dattijon Babura da jikansa za su iya amsa tambayar "kai na wace masarauta ne?" da amsa biyu, kowanne bisa zamaninsa.

Yadda ake auna kowace salsala

Tambayoyi huɗu ne ke taimakon mai karatu, ko Matiyu yake dubawa ko jerin hakiman garinsu. Wa ya jera sunayen, kuma me yake son tabbatarwa? Jerin na jini ne, ko na kujera, ko na dangantakar al'ummomi? Shekarun da jerin ya ratsa sun dace da adadin sunayen? Akwai wani daga waje da ya ambaci ko da suna ɗaya?

Tambaya ta uku na buƙatar hattara. An saba ƙiyasta tsara guda da shekara 25 zuwa 30, kuma a kan haka sunaye 40 na Luka sun fi dacewa da shekara dubun da ke tsakanin Dawuda da Yusufu fiye da 25 na Matiyu. Amma a gidan sarauta mai mata da yawa tsara kan yi tsawo: an haifi Abdullahi Bayero a 1881, ɗansa Ado a 1930, tazarar shekara 49. Ƙarancin sunaye alama ce ta giɓi, ba hujja ce yankakkiya ba.

Idan aka bi wannan ma'auni, hukuncin ya kasu. Ta fuskar cika, littafin da kansa ya nuna cewa wasu salsalolinsa taƙaitattu ne. Ta fuskar inganci, jerin sarakunan Yahuza na da goyon bayan shaidar waje, jerin Farawa ya dogara ga imani kuma alƙalumansa sun bambanta tsakanin kofe, saɓanin Matiyu da Luka kuwa yana da bayanai masu yiwuwa waɗanda ba a tabbatar ba. Mai cewa tsallake suna ƙarya ce, sai ya fara da ƙaryata maroƙin da ya kira basarake jikan Dabo. Mai cewa kuma babu wata tambaya da ta rage, sai ya kawo takardar da ta nuna ko Yakubu ne ya haifi Yusufu ko Heli.